Riƙon Jariri a Maiduguri: A Bar wa Dangi Ƙofa a Buɗe, ko a Rufe?

Ma'auratan da suka yanke shawarar karɓar jariri daga hannun hukuma a Maiduguri sukan shirya wa tambayoyi da yawa: wace takarda za a nema, wa zai tsaya musu shaida, wata nawa za a yi ana jira. Akwai tambaya guda da ba kasafai suke shirya mata ba, alhali ita ce za ta bi su har ranar auren yaron. Idan an san uwar da ta haifi jaririn, ko kakarsa, ko wani kawunsa da ke raye a Bama ko Monguno, za a bar su su san gidan da yake, su riƙa zuwa ganinsa, ya tashi ya san su? Ko kuwa daga ranar da aka miƙa shi kowa ya kama gabansa?

A Borno wannan tambaya tana da nauyin da ba ta da shi a wasu wurare. A 2017 gwamnan jihar na lokacin, Kashim Shettima, ya bayyana cewa rikicin Boko Haram ya bar marayu sama da 50,000. A 2019 kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce an kai mata rahoton ɓatan mutum kusan 22,000 a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta a lokacin, kuma kusan kashi 60 cikin 100 yara ne sa'ad da suka ɓata. Ma'anar wannan ita ce, yaro da yawa da ake kira maraya yana da wanda ke nemansa har gobe. Ta fuskar doka, Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta fito tun 2003, amma sai a Janairun 2022 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar Borno. Ma'aikatar Harkokin Mata da Ci gaban Al'umma ce ke kula da sha'anin yaran da ba su da mai kula da su, kuma a cikin gari akwai gidan renon jarirai marasa iyaye na Fatima Ali Sheriff. Hanyar hukuma tana nan, ke nan. Saɓanin yana kan abin da ya kamata ya biyo bayan miƙa yaro.

Abin da masu son a buɗe suke cewa

Hujjarsu ta farko daga addini take, kuma suna ganin ta isa ta kashe magana. Musulunci ya kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya matuƙa, amma ya hana a jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba. Labarin Zaidu ɗan Harisa sananne ne: an daɗe ana kiransa da sunan Manzon Allah (SAW), har ayoyin farkon Suratul Ahzab suka sauka, aka mayar masa da sunan mahaifinsa. Tun daga nan malamai suka bambanta riƙo, wanda ake kira kafala, da mayar da ɗan wani naka ta fuskar nasaba. Ɗan riƙo ba ya cin gadon mai riƙonsa, sai dai a yi masa kyauta tun ana raye ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Gadonsa yana can wajen dangin jininsa. To ta yaya, in ji su, yaro zai ci gadon ubansa ko ya sada zumuncin da aka wajabta masa, idan an ɓoye masa gidan da ya fito?

Suka ƙara da cewa al'adarmu ma ba ta san rufaffen riƙo ba. Bahaushe da Babarbare sun daɗe suna ba da yaro riƙo. Kaka takan ɗauki jika lokacin yaye ya zauna wajenta, goggon da Allah bai ba haihuwa ba akan ba ta ɗiyar ɗan'uwanta ta rena har ta aurar, ɗan fari kuwa sau da yawa a hannun wasu yake tashi saboda kunya. Duk waɗannan yara sun san wace ce ta haife su, sun kuma san wace ce ta rene su, kuma ba a taɓa jin cewa sanin ya raba musu hankali biyu ba. Yaro yakan kira uwar riƙonsa Inna ko Mama da zuciya ɗaya, ranar sallah kuma a kai shi ya gaida mahaifiyarsa. A ganinsu, abin da hukuma za ta yi shi ne ta ɗauki wannan tsohon tsari ta sa shi a takarda, ta faɗaɗa shi ya haɗa mutanen da ba dangin juna ba. Sukan kuma tunatar da cewa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita, ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20, ta kuma tabbatar wa yaro haƙƙin sanin iyayensa gwargwadon iko.

Abin da masu son a rufe suke mayarwa

Waɗannan ba su musanta hukuncin nasaba ba. Cewa suke yi an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Riƙon da kaka ko goggo take yi, riƙo ne na cikin gida, tsakanin mutanen da kunyar juna ta ɗaure su, kuma yaron ya zo ta hanyar aure da kowa ya shaida. Jaririn da ya kai ga hannun hukuma kuwa, sau da yawa labarinsa daban ne. Wani an tsince shi ne a bayan gida ko a bakin kwata. Wani uwarsa yarinya ce da aka yi wa fyaɗe. Wani kuma an haife shi ne a daji, uwarsa tana hannun waɗanda suka sace ta. A 2016 asusun UNICEF da ƙungiyar International Alert sun fitar da rahoto kan yadda ake ƙyamar matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram da 'ya'yan da suka haifo, har wasu na ganin jinin uban zai bi yaron. Duk wanda ya zauna a Maiduguri a shekarun da sansanonin 'yan gudun hijira na Bakassi da Dalori suke cike ya san ba ƙirƙirar wannan magana aka yi ba.

To wa za a buɗe wa ƙofar, in ji su, kuma wa zai ɗauki nauyin abin da zai shigo ta cikinta? Yarinyar da ta miƙa jaririnta cikin kuka, ta yi hakan ne don ta samu ta koma makaranta, ko ta yi aure, ko ma ta tsira da ranta daga fushin 'yan'uwa. Idan sharaɗin hukuma shi ne sai an rubuta sunanta an kuma bayar ga wasu, gobe wata mai irin matsalarta ba za ta je ofis ba. Za ta bi dare ta ajiye jaririn inda watakila ba za a same shi da rai ba. Sutura ma umarni ce a addini, kuma rufa asirin wanda jarrabawa ta faɗa wa ba ƙarya ba ce.

Yaron kansa fa? Unguwa ba ta da tausayi a kan maganar asali. Kalma ɗaya ta gori a makarantar allo tana iya bin yaro har tsufa. Masu wannan ra'ayi suna kawo misalin Aljeriya, ƙasar Musulmi da ta hana mayar da ɗan wani naka, amma a 1992 ta fitar da ƙa'idar da ta ba mai kafala damar sa wa yaron da ba a san ubansa ba sunan gidansa, ba tare da hakan ya zama nasaba ko gado ba. Dalilin shi ne a kare yaron daga nuni da yatsa. Suka ce idan masana shari'a a can sun ga buƙatar irin wannan garkuwa, mu da muke da raunin yaƙi ɗanye mun fi kowa buƙatarta.

Masu buɗewa sun dawo

Amsarsu ita ce asirin da ake son rufewa ba ya rufuwa. A gari irin Maiduguri, inda maƙwabta suka san matar da ba ta yi ciki ba ta wayi gari da jariri, mutum ɗaya ne kawai ake ɓoye wa: yaron. Shi kuma zai ji, sai dai zai ji daga bakin da ya fi kowane muni, a lokacin faɗa da abokin wasa, ko ranar rabon gado sa'ad da wani ɗan'uwan miji zai miƙe ya ce wannan ba jininmu ba ne, ko lokacin neman aure da dangin yarinya suka aiko binciken asali. Matashin da ya gano a shekara 20 cewa duk wanda yake ƙauna ya haɗa baki an ɓoye masa, ciwonsa ya fi na yaron da aka gaya wa a hankali tun yana shekara 5.

Ga 'ya mace maganar ta fi tsanani. Ranar ɗaurin aure za a tambayi waliyyi. Idan tana da baffa ko wa a raye, su ne a gaba, idan kuma ba a san kowa ba, akwai matsayin mai riƙo da na alƙali da malamai suka yi bayani. Ba za a iya warware wannan da gaskiya ba idan an binne tushen. Haka batun muharramaka: uwar da ta ba da jariri za ta iya haifar wasu a gaba, kuma a gari ɗaya za su tashi. Wa zai hana wa ya nemi ƙanwarsa idan babu wanda ya san alaƙar? Ga kuma lafiya. Sikila ta yi yawa a ƙasarmu, kuma ko da gwajin jini zai nuna nau'in jinin yaro, ba zai nuna cewa hawan jini, ciwon suga ko farfaɗiya suna bin gidansu ba. Likita yakan tambaya, kuma uwar riƙon da ta san dangin yaro ita ce mai amsa.

Sai hujjar da, a ganina, ta fi duka ƙarfi a wannan ɓangare. Duhu shi ne abokin mai safarar yara. A Oktoban 2019 'yan sanda suka sanar da ceto yara 9 da aka sace daga Kano aka sayar a Anaca, an sauya musu suna, wasu har sun manta Hausa. A 2021 babbar kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar hukuncin ɗaurin shekara 104. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ta sha bankaɗo gidajen da ake tara 'yan mata masu ciki ana sayar da jariransu. Duk irin wannan ciniki da kalma ɗaya ake rufe shi: kada ka tambayi inda yaron ya fito. Ma'auratan da suka ga uwar jariri ido da ido a gaban jami'in hukuma, suka ji da kunnensu ta yarda, su ne suka tabbata ba ɗan sata aka ba su ba. A jihar da dubban iyaye ke neman 'ya'yansu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sukan kuma nuna abin da ya faru a ƙasashen da suka gwada rufewa na tsawon zamani. A Ingila, dokar 1975 ta ba wanda aka ɗauka riƙo damar karɓar takardar haihuwarsa ta asali idan ya kai shekara 18, bayan an ga yadda manya suke fama da neman tushensu. A Amurka, inda aka shafe shekaru ana kulle irin waɗannan takardu, yanzu yawancin jariran da ake bayarwa ta hannun hukumomin riƙo ana barin wata alaƙa tsakanin gidajen biyu. Wani dogon bincike da Harold Grotevant da Ruth McRoy suka fara a tsakiyar shekarun 1980, suna bin iyalai a jihohi daban-daban, ya nuna cewa yaran da ke hulɗa da iyayen da suka haife su ba su rikice kan su waye iyayen da ke renonsu ba, kuma iyayen riƙon da suka san uwar yaro sun fi samun kwanciyar hankali daga fargabar za a zo a ƙwace shi.

Martanin masu rufewa

Nan ne suke cewa a dakata. A Amurka, da zarar kotu ta kammala, haƙƙin iyayen farko ya yanke, don haka uwar riƙo tana karɓar baƙuwarta ba tare da tsoro ba. Kafala ba haka take ba. Nasaba tana nan, kuma dangin uba suna iya tasowa. Kowa ya san labarin matar da ta yi rainon yarinya tun tana cikin tsumma, ta yi jinyar ƙyanda da haƙori, ta biya kuɗin makaranta, sai da yarinyar ta isa aiki ko aure wani baffa ya bayyana ya ce a ba shi 'yarsa. Matar da ta yi shekara 10 tana jiran haihuwa, ta sha maganar kishiya da ta dangin miji, shin adalci ne a ce ta zuba ranta a kan yaron da za a iya ɗaukewa kowace safiya? Wannan fargaba ce, in ji su, take sa mutane da yawa masu hali su gwammace aika buhun shinkafa gidan marayu a kan su kai yaro gida. Wanda ya yi asara shi ne jaririn da zai girma a ɗakin da ma'aikata ke canjin aiki safe da yamma, babu ƙirjin da ya san nasa ne.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a son faɗa. Gidan da ya ba da yaro galibi gidan talauci ne, wanda ya karɓa kuma yana da ɗan abin hannu. Ziyara takan zama roƙo, roƙo ya zama wajibi, har iyayen riƙo su ji kamar haya suke biya a kan ɗansu. Sannan ga tsaro: idan uban yaron yana daji ko ya fito daga can, mutum nawa ne za su yarda a ba danginsa kwatancen gidansu? Suka ƙara da cewa ko a Amurka alƙawarin ziyara ba a kowace jiha kotu ke tilasta cika shi ba, kuma sau da yawa yakan yi sanyi bayan 'yan shekaru. Yaron da aka saba masa da zuwan mahaifiyarsa, sai ta yi aure ta daina zuwa, an yashe shi sau biyu.

Idan aka tace

Da na auna maganganun nan, na ga ɓangarorin suna gardama ne a kan abu uku da suka cancanci a raba su. Na farko, yaro ya san cewa ɗan riƙo ne. Na biyu, a adana sunan iyayensa da garinsu da tarihin lafiyarsu a wurin da zai iya samu. Na uku, a riƙa ziyara da gaisawa tun yana ƙarami.

A kan na farko ban ga wata hujja da ta tsaya wa masu ɓoyewa ba. Addini ya hana ƙaryar nasaba, unguwa ba ta riƙe sirri, kuma abin da aka gani a wasu ƙasashe ya nuna jinkiri yana ƙara ciwo. A gaya wa yaro da wuri, da kalmomin da suka dace da shekarunsa, ba sai an zayyana masa duk ɗacin labarin a rana ɗaya ba. A kan na biyu ma ina tare da masu buɗewa, amma da gyaran da masu rufewa suka kawo: adana suna daban, yaɗa shi daban. Hukuma tana iya riƙe sunan uwar da ke tsoron tonon asiri a rufe, a ba iyayen riƙo tarihin lafiya kawai, a bar sauran sai yaro ya balaga kuma an nemi yardarta. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 ta koya wa mutanen Maiduguri cewa takardar da ke wuri ɗaya ba a adane take ba, don haka a ajiye kwafi a ma'aikata, a kotu, da kuma hannun wani amintacce.

Na ukun ne mai wuya, kuma ba na jin akwai amsa ɗaya da za ta dace da kowane yaro. Jaririn da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, kakarsa tsohuwa ba ta da ƙarfin reno, hana wannan tsohuwa ganin jikanta zalunci ne. Jaririn da aka haifa ta hanyar fyaɗe, uwarsa ta roƙi a manta da ita, tilasta mata alaƙa wani zaluncin ne. Tsakanin waɗannan akwai matakai: saƙo da hoto ta hannun jami'ar jin daɗin jama'a, haɗuwa a ofis sau ɗaya a shekara, ko zuwa gida a lokacin sallah. Game da tsoron tabo, aikin Barista Zannah Mustapha abin dubawa ne. Makarantarsa ta Future Prowess, wadda ya kafa a 2007, ta zaunar da 'ya'yan waɗanda aka kashe da 'ya'yan mayaƙa a aji ɗaya, har aka ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Wannan ya nuna ƙyama tana iya raguwa idan aka tunkare ta. Sai dai makaranta daban, gidan mutum daban, kuma ba zan ɗora wa uwar riƙo laifi ba idan ta ce ɗanta ba shi zai zama fagen gwaji ba.

Akwai abubuwan da mai niyya ya kamata ya sani ko wane ɓangare ya bi. Dokar tarayya ta 2003 ta bambanta riƙo da cikakken ɗaukar ɗa, wanda Kiristocin jihar da yawa za su fi nema, kuma kowanne sai da umarnin kotu. A cikakken ɗauka ta shar'anta mai nema ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21, yaron ya zauna hannunsa wata 3 a jere kafin a yanke, ta kuma haramta biyan kuɗi don a samu yaro. A tambayi ma'aikata yadda dokar jiha ta tsara nata sharuɗɗan, kuma a tambaya ƙarara ko an nemi dangin jaririn, da wace hanya, tsawon wane lokaci. Ga Musulmi, shayarwa kafin yaro ya cika shekara 2 tana warware matsalar muharramaka: idan matar gida ba ta da nono, 'yar'uwarta ta shayar da namiji, ko 'yar'uwar maigida ta shayar da mace. Wannan dama tana wucewa da sauri, don haka a tuntuɓi malami tun makon farko. A rubuta wasiyya ko a yi kyautar gida ko fili tun ana da lafiya, a gaban shaidu.

Duk abin da aka amince a kai da dangin yaro, ziyara ce ko rashinta, a rubuta shi a gaban jami'in hukuma, bulama ko limamin unguwa ya shaida, a kuma sa lokacin da za a sake zama a duba. A fayyace cewa taimako, idan za a yi, ba sharaɗi ba ne, kuma duk mai son karɓar yaron daga baya kotu zai nufa, ba ƙofar gida ba. Wanda ya ce zai samo muku jariri a asibiti ko a sansani ba tare da takarda ba, ku kai rahotonsa ga 'yan sanda ko NAPTIP, domin wataƙila uwar wannan jariri tana can tana nemansa.